Babi na Shida: Yadda Aka Ci Zaɓe Aka Rasa Mulki a Tailan

Ran 14 ga watan Mayu na shekarar 2023 mutanen Tailan suka fita rumfunan zaɓe da yawan da ba a saba gani ba, har sama da kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka rubuta sunayensu suka jefa ƙuri'a, kuma kafin gari ya waye ya bayyana ga kowa cewa jama'a sun juya wa sojojin da suka shekara tara suna riƙe da ragamar ƙasar baya. A cikin kujeru 500 na Majalisar Wakilai, jam'iyyar matasa mai suna Kao Klai, wadda jaridun duniya suka fi sani da Move Forward, ta sami 151, ta kuma kwashe kujeru 32 daga cikin 33 na birnin Bankok. Jam'iyyar Pheu Thai ta gidan Shinawatra ta bi mata da 141. Bhumjaithai ta sami 71. Su kuwa jam'iyyun nan biyu na manyan hafsoshi, Palang Pracharath ta Janar Prawit Wongsuwan da Ruam Thai Sang Chart ta Janar Prayut Chan-o-cha, wanda shi ne Firayim Minista a lokacin, sai suka tashi da 40 da 36. Duk wanda ya dubi wannan lissafi da idon wanda ya saba da mulkin majalisa, zai ce ai magana ta ƙare, tunda jam'iyyun adawa biyu kaɗai sun haɗa kujeru 292, alhali 251 sun isa rinjaye. Amma sai da aka yi kwana ɗari ƙasar ba ta da sabon shugaban gwamnati, kuma da aka same shi, jam'iyyar da ta zo ta ɗaya tana zaune a sahun 'yan adawa.

Ba za a fahimci wannan al'amari ba sai an koma baya kaɗan. Tun shekarar 1932, lokacin da wata ƙungiya ta hafsoshi da ma'aikatan gwamnati ta karɓe cikakken iko daga hannun sarki ta ɗora ƙasar a kan mulkin doka, Tailan ta yi kundin tsarin mulki har guda ashirin, domin kusan duk sa'ad da soja suka karɓi mulki, abu na farko da suke yi shi ne su soke kundin da suka tarar, daga baya su naɗa malaman shari'a su rubuta musu wani. Mafi daraja a cikinsu a idon jama'a shi ne na 1997, wanda aka rubuta bayan shawara mai faɗi da al'umma, kuma a ƙarƙashinsa ne attajirin nan Thaksin Shinawatra ya ci zaɓen 2001 da na 2005, saboda ya kai wa talakawan arewa da arewa maso gabas abin da ba a taɓa kai musu ba, musamman tsarin nan na ganin likita a kan baht talatin kacal. Soja suka tumɓuke shi a watan Satumba na 2006, kotu ta rushe jam'iyyarsa a 2007, ta rushe magajiyarta a 2008. Ƙanwarsa Yingluck ta ci zaɓen 2011, kotu ta sauke ta a farkon Mayu na 2014, bayan mako biyu kuma, ran 22 ga watan, Janar Prayut ya karɓe mulki gaba ɗaya. Darasin da hafsoshi da abokan shawararsu suka ɗauka daga wannan maimaici shi ne, tunda ba su iya hana jama'a zaɓen wanda suke so, to, sai a tsara dokar ƙasa yadda zaɓen ba zai isa ya ba da mulki shi kaɗai ba.

Wannan niyya ita ce ruhin kundin 2017. Kwamitin da soja suka naɗa a ƙarƙashin tsohon masanin shari'a Meechai Ruchupan ne ya rubuta shi, aka kai shi ƙuri'ar raba gardama ran 7 ga Agusta 2016 cikin wani hali da aka riƙa kama waɗanda suka fito suna kiran mutane su ƙi shi, ya kuma wuce da kimanin kashi 61 cikin ɗari. A takardar ƙuri'ar an ƙara wata tambaya ta biyu, doguwa mai sarƙaƙiyar lafazi, wadda ma'anarta ita ce, a shekaru biyar na farko Majalisar Dattawa za ta zauna tare da ta Wakilai wajen zaɓen Firayim Minista. Su kuwa dattawan nan 250 babu ko ɗaya a cikinsu da jama'a suka zaɓa. Gwamnatin soja ce ta tace su ta miƙa sunayensu aka naɗa, har aka keɓe kujeru shida ga shugabannin rundunoni da shugaban 'yan sanda da babban sakataren ma'aikatar tsaro. Da wannan sai ahalul halli wal aƙdi na ƙasar, wato masu zaɓen Firayim Minista, suka zama mutum 750, rinjaye ya koma 376, wanda ke nufin ɗan takarar da dattawa suke so yana bukatar wakilai 126 kawai, wanda ba su so kuwa sai ya tara 376 cur daga cikin 500. An ga amfanin wannan dabara a zaɓen 2019, inda Pheu Thai ta fi kowa kujeru amma Janar Prayut ya zarce da ƙuri'u 500. Bayan 'yan watanni kuma, a Fabrairun 2020, Kotun Tsarin Mulki ta rushe jam'iyyar Anakhot Mai ta Thanathorn Juangroongruangkit a kan bashin da ya ba ta daga aljihunsa, ɗalibai suka cika tituna, kuma daga ragowar wannan jam'iyya ce Kao Klai ta fito.

Saboda haka, lokacin da shugaban Kao Klai, Pita Limjaroenrat, mai shekara 42, ya fara tattara abokan tafiya, ya san sarai inda ƙafarsa za ta yi tuntuɓe. Jam'iyyu takwas suka amsa kiransa, kujerunsu suka kai 312, suka kuma zaɓi ran 22 ga Mayu, wato ranar da juyin mulkin Prayut ya cika shekara tara, suka sa hannu a takardar yarjejeniya mai sharuɗɗa 23, na farkonsu kuwa shi ne a rubuta sabon kundin tsarin mulki ta hannun majalisar da jama'a za su zaɓa da kansu. A ciki akwai sake fasalin soja da 'yan sanda, da mayar da shiga soja ganin dama maimakon tilas, da karya kaka-gidan da 'yan kamfanoni kaɗan suka yi a kasuwanni, da rarraba iko zuwa larduna. Abu guda da Kao Klai ta yi yaƙin neman zaɓe da shi amma ba a sa shi a takardar ba, saboda abokan ƙawancen sun ƙi, shi ne gyaran sashe na 112 na dokar manyan laifuffuka.

Ya kamata a tsaya a kan wannan sashe, domin a kansa aka rataye duk abin da ya biyo baya. Sarauta a Tailan tana da alfarma mai girma, wadda ta ƙara kafuwa a shekaru saba'in na zamanin Sarki Bhumibol, wanda ya rasu a watan Oktoba na 2016, ɗansa Vajiralongkorn ya gaje shi. Sashe na 112 kuwa ya tanadi ɗaurin shekara uku zuwa goma sha biyar, a kan kowace tuhuma guda, ga wanda ya ci mutuncin sarki ko sarauniya ko yarima mai jiran gado ko muƙaddashi. Illar dokar ita ce kowane mutum yana iya kai ƙarar kowa, ɗan sanda kuma ba ya iya yin ko-oho da ƙarar don tsoron kada a zarge shi da rashin biyayya, har ta zama makamin da ake rama gayyar siyasa da shi; daga ƙarshen 2020 an tuhumi fiye da mutum 250 da ita, cikinsu har da yaran da ba su kai shekara goma sha takwas ba. Kao Klai ba ta ce a soke ta ba. Abin da ta nema shi ne a rage tsawon ɗaurin, a kuma taƙaita hakkin kai ƙara ga ofishin fadar sarki. Ni a ganina wannan bukata ce ta masu neman maslaha, har ma ga sarautar kanta, domin girman da ake tsarewa da ɗaure yara ba ya ƙaruwa a zukatan iyayensu; amma abokan hamayyarta sun yi mata tawili mafi muni, suka mayar da ita hujjar ƙin miƙa mulki.

Tun kafin a kai ga dattawa, ɓaraka ta fara bayyana a cikin gida, domin Kao Klai da Pheu Thai kowacce ta ce ita ce ta cancanci kujerar Kakakin Majalisa, wanda shi ke tsara abin da za a tattauna da lokacin da za a tattauna shi, shi ne kuma ke jagorantar zaman haɗin gwiwa na majalisun biyu. Da husumar ta yi tsawo, sai aka yi sulhu a kan dattijon nan Wan Muhamad Noor Matha, Musulmi daga lardin Yala, shugaban ƙaramar jam'iyyar Prachachat mai kujeru tara, wadda ƙarfinta yake a lardunan kudu uku na Pattani da Yala da Narathiwat, inda Musulmi 'yan ƙabilar Malay suke da rinjaye, kuma ya taɓa hawa wannan muƙami a 1996. An yaba da wannan sulhu a lokacin, amma mai lura ya gane cewa jam'iyyar da ta zo ta ɗaya ta rasa babbar kujera ta farko tun ba a fara ba.

Ran 13 ga Yuli aka zauna zaɓen Firayim Minista, Pita shi kaɗai ne ɗan takara, kuma da yake wata 'yar Majalisar Dattawa ta ajiye muƙaminta ana gobe, adadin da ake bukata ya sauko zuwa 375. Aka wuni ana muhawara, kusan dukanta a kan sashe na 112, sa'an nan aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya: 324 suka goyi bayansa, 182 suka ƙi, 199 suka ƙaurace wa ƙuri'a, kuma daga cikin dattawa goma sha uku ne kawai suka girmama zaɓin jama'a. Bayan kwana shida, a safiyar da za a sake zama, Kotun Tsarin Mulki ta dakatar da shi daga wakilci a kan hannun jari 42,000 da ya gada daga mahaifinsa a kamfanin talabijin na iTV, wanda ya daina watsa shirye-shirye tun 2007. Da yamma kuma majalisa ta yanke cewa ba a sake gabatar da sunan da aka riga aka ƙi a zama guda. Daga baya, a Janairun 2024, kotun ta wanke shi daga wannan tuhuma, amma a lokacin wankewar ba ta da sauran amfani.

Daga nan ragama ta koma hannun Pheu Thai, kuma a nan ne mas'alar ta zama ta amana. Shugabanninta sun yi alkawari a bainar jama'a lokacin yaƙin neman zaɓe cewa ba za su haɗa gwamnati da jam'iyyun janarorin nan biyu ba, waɗanda mutanen ƙasar ke kira kawunnai, har shugaban jam'iyyar, Cholnan Srikaew, ya ce in aka yi haka zai sauka. Ran 2 ga Agusta suka raba gari da Kao Klai, suka jawo Bhumjaithai, wadda ta riga ta ce ba ta zama inuwa ɗaya da mai neman taɓa sashe na 112, sa'an nan suka jawo jam'iyyun kawunnan dukansu biyu, aka yi haɗin gambizar jam'iyyu goma sha ɗaya masu kujeru 314. Ran 22 ga Agusta ɗan kasuwar gine-gine Srettha Thavisin ya zama Firayim Minista da ƙuri'u 482, dattawan da suka ƙi Pita suka fito da yawansu suka mara masa baya. A safiyar wannan rana kuma Thaksin ya sauka a Bankok bayan shekara goma sha biyar yana gudun hijira, aka tabbatar masa da ɗaurin shekara takwas, aka kai shi asibitin 'yan sanda a daren farko, sarki kuma ya rage hukuncin zuwa shekara ɗaya. Waɗanda abin ya shafa sun musanta cewa an yi wani ciniki, amma haɗuwar al'amuran nan a yini guda ta hana jama'a da yawa gaskata su. Cholnan ya cika nasa alkawarin ya sauka daga shugabancin jam'iyya, amma ya shiga majalisar ministoci. Matasan da suka sha hayaƙi mai sa hawaye a 2020, suka kuma bi gida gida suna neman ƙuri'a a 2023, suka ga an yi kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Adalci ya wajabta a saurari uzurin Pheu Thai, domin ba uzuri ne maras tushe ba. Sun ce lalura ce ta sa, tunda dattawa sun rantse ba za su zaɓi kowa ba muddin Kao Klai na cikin gwamnati, wa'adin ikonsu kuma ba zai ƙare ba sai Mayun 2024, wanda ke nufin a yi wata goma Janar Prayut yana riƙon ƙwarya, babu sabon kasafin kuɗi, tattalin arziki kuma bai gama farfaɗowa daga annobar korona ba. Suka ƙara da cewa shiga gwamnati ita ce hanya mafi kusa ta sauya kundin, suka yi alkawarin ɗaukar maganar ƙuri'ar raba gardama tun a zaman farko na majalisar ministoci. Malaman usulu sun yarda lalura tana halatta abin da aka hana, amma sun gindaya sharaɗin cewa ana auna ta gwargwadonta, ba a wuce iyakar bukata. Da wannan ma'auni nake ganin ya kamata a yi wa Pheu Thai hisabi: idan sun warware ƙaramin alkawari don su cika babba, to, sai a duba ko sun cika babban.

Kafin a yanke hukunci, dole a san irin shingayen da marubutan kundin suka kafa a sashe na 256. Duk wani gyara sai ya wuce karatu uku a zaman haɗin gwiwa. A karatu na farko da na uku, ban da rinjayen majalisun biyu, sai sulusin dattawa sun yarda, wato 84 daga cikin 250. A na uku kuma sai kashi ashirin cikin ɗari na wakilan jam'iyyun da ba su cikin gwamnati sun yarda. Idan gyaran ya taɓa babin sarauta ko ikon kotuna ko hanyar gyaran kanta, sai an kai shi ga jama'a. A watan Maris na 2021 Kotun Tsarin Mulki ta ƙara wani shingen, ta ce kafin a rubuta sabon kundi sai an tambayi jama'a ko suna so, bayan an rubuta kuma a sake tambayarsu. Ma'anar wannan duka ita ce, ba a rage ikon dattawa sai da izinin dattawa. Shi ya sa daftarin da ƙungiyar iLaw ta kawo a 2020 da sa hannun mutum fiye da 100,000 ya faɗi a karatun farko, kuma gyara guda tak da ya tsira a wancan zamani shi ne na tsarin zaɓe a 2021, wanda ya raba kujeru zuwa 400 na mazaɓu da 100 na jerin sunayen jam'iyyu, saboda manyan jam'iyyu na ɓangarorin biyu sun hango ribarsu a cikinsa.

Jama'a dai ba su yi ƙasa a gwiwa ba. A watan Agusta na 2023 ƙungiyoyin farar hula suka tashi tattara sa hannu don a tambayi al'umma ko a sake kundin gaba ɗaya, kuma da hukumar zaɓe ta ce ba ta karɓar sa hannun da aka yi ta intanet, sai mutane suka riƙa kawo takardu da hannunsu, cikin 'yan kwanaki aka tara fiye da 200,000. Gwamnatin Srettha kuwa kwamiti ta kafa a ƙarƙashin Phumtham Wechayachai, kwamitin ya yi watanni yana nazari, ya fito da shawarar a yi ƙuri'ar raba gardama sau uku, kuma kada a taɓa babi na ɗaya da na biyu na kundin, wato har da babin sarauta. Sa'an nan aka tsaya gyaran dokar raba gardamar kanta, wadda a lokacin ta shar'anta sai fiye da rabin masu rajista sun fito, kuma fiye da rabin waɗanda suka fito sun amince. A tsakiyar wannan ne wa'adin dattawan soja ya cika, aka maye gurbinsu a Yunin 2024 da wasu 200 ta wata hanya da 'yan takara ke zaɓen junansu a rukunonin sana'a ashirin, ba tare da ƙuri'ar jama'a ba, kuma aka wayi gari mafi yawansu ana danganta su da Bhumjaithai. Sabuwar majalisar ba ta da hannu a zaɓen Firayim Minista, amma sulusinta, wato 67, yana nan daram a sashe na 256. Ta ƙi sassauta dokar raba gardama, abin ya jawo jinkirin kwana 180, kuma da aka kawo daftarin gyara a Fabrairun 2025, zaman ya watse kwana biyu a jere don rashin cikar adadi, 'yan ɓangaren gwamnati na cikin waɗanda suka ƙi a ƙirga su.

Kotu kuwa ba ta jinkirta nata aikin ba. Ran 7 ga Agusta 2024 ta rushe Kao Klai a kan neman gyaran sashe na 112, ta haramta wa Pita da wasu shugabanni goma siyasa har shekara goma, wakilai 143 da suka rage suka sake haɗuwa a jam'iyyar Prachachon a ƙarƙashin Natthaphong Ruengpanyawut. Bayan mako ɗaya, alƙalai biyar cikin tara suka sauke Srettha saboda ya naɗa minista wanda aka taɓa ɗaurewa don raina kotu. Paetongtarn, 'yar Thaksin, ta gaje shi tana da shekara 37, ita ma kotun ta sauke ta ran 29 ga Agusta 2025, bayan an fallasa wata hira da ta yi ta waya da Hun Sen na Kambodiya ana tsakiyar rikicin kan iyaka. Kundin da Pheu Thai ta yi shekara biyu tana jan ƙafa wajen gyara shi, shi ne ya cinye mata shugabanni biyu.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda wannan tsari yake tilasta wa kowa sayen abu da abin da ba ya so ya sayar. Prachachon, magajiyar Kao Klai, wadda a lokacin ta fi kowa kujeru amma ɗan takararta tilo na Firayim Minista an riga an haramta masa siyasa, ta ba da ƙuri'unta ga Anutin Charnvirakul na Bhumjaithai, mutumin da ya ƙi zama da ita a 2023, aka zaɓe shi Firayim Minista ran 5 ga Satumba 2025 da ƙuri'u 311, bisa sharaɗin ya rushe majalisa cikin wata huɗu, ya buɗe hanyar sabon kundi, ita kuma ta ci gaba da zama a adawa ba ta karɓi ko da kujerar minista ɗaya ba. Wannan ƙin karɓar muƙami shi ne bambancin da nake gani tsakaninta da Pheu Thai, ko da yake magoya bayanta da yawa ba su ji daɗin cinikin ba. Bayan kwana biyar da zaɓen Anutin, ran 10 ga Satumba, Kotun Tsarin Mulki ta yi fatawa cewa sabon kundi yana bukatar ƙuri'ar raba gardama sau uku, ana iya haɗa ta farko da ta biyu a rana ɗaya, amma majalisa ba ta da ikon barin jama'a su zaɓi marubutan kundin kai tsaye, alhali wannan shi ne sharaɗi na farko a takardar da jam'iyyu takwas suka sa wa hannu a Mayun 2023.